An Yi Mini Ta'aziyyar 'Yata Tana Raye

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sun tafi. Na wanke kofuna, na naɗe tabarmin da su da kansu suka shimfiɗa mini a tsakar gida, na kulle ƙofa. Ƙulu tana ɗaki tana cin biredi da madara kamar ba abin da ya faru, kuma a wurinta ba abin da ya faru ɗin. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Mama, me ya sa Hajiya Oumou ta yi ihu da ta gan ni?" Na ce mata ƙadangare ta taka.

Ba zan rubuta abin da aka rubuta a kanta ba. Hannuna ba zai iya ba. Abin da zan rubuta shi ne, wajen azahar ina wanki na ji sallama, na fito na tarar da matan unguwarmu ta Nzeng-Ayong, a nan Gabon, cike da ƙofar gida, kowa da hijabi, idanu jajur, wasu har da kwanon abinci. Kamila, wadda rumfarta ke jikin tawa a kasuwa, ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Maman Ƙulu, sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce." Ina tsaye da kumfar sabulu a hannu, kaina ya ɗaure. Sai ga Ƙulu ta dawo daga lakwal, wato makaranta, da jakarta a baya, tana tsotson alawa.

Daga lambata saƙon ya fita, a zauren wasap na matanmu, da hotonta na Sallah, da wata lambar da za a tura gudummawa. Kuma sun tura. Haka muke yi a nan, in an yi rashi ba a jira, ba a kiran uwa a tambaye ta ko gaskiya ne. Kowa ta tura abin da ta samu, ta zura hijabi ta taho. Ni kuwa tun jiya da yamma wasap ɗina ya ƙi buɗewa, na ɗauka ruwan saman nan ne ya taɓa sabis.

Ko wane ne kai, Allah ya isa tsakanina da kai.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da asuba

Saƙon ya je har Kano. Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Sai da na kira ta ta wayar Baban Ƙulu, na sa yarinyar ta yi mata magana, ta yi mata waƙar lakwal, sannan ta yarda. Ko a hakan kuka take yi tana cewa a sake ba ta ta ji.

Allah ya isa.

Laraba, bayan magariba

Na hau tasi na je unguwar Louis wurin Magdalene mai gyaran waya. 'Yar Kafanchan ce, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan, kuma ba ta da yamaɗiɗi. Ta juya wayar ta ce, "Rauda, gaya mini me kika danna kafin ya mutu."

Na nuna mata hoton saƙon, don na ɗauka a lokacin da niyyar nuna wa Baban Ƙulu. Da Faransanci ne, da tutar ƙasa a sama, wai duk baƙon da bai sabunta rajistar katin sejur ɗinsa, wato katin izinin zama, kafin Juma'a ba za a ci shi tara, ko ma a kore shi. A ƙasa ga linki shuɗi. Na danna, suka nemi lambar wayata, da imel, da kalmar sirri, sannan suka ce in rubuta lambobin da za su shigo mini ta saƙo. Suka shigo, na rubuta.

Magdalene ta ce, "To wannan lambobin su ne makullin gidanki, kika miƙa musu ta taga." Ta sa yatsa ta nuna mini adireshin linkin. Sunan ofishin yana farko, amma ƙarshensa wasu haruffa ne birkice da ba su da alaƙa da gwamnati. Ta ce duk saƙon da ya zo yana kora ki, yi yau, yi yanzu, za a rufe, za a kama, to ki ja numfashi. Ta ce babu ofishin da zai nemi kalmar sirrin imel ɗinki. Ta nuna mini kurakurai a Faransancin, ni da nake karanta wa rabin matan layinmu takardunsu. Na gan su a ranar, wallahi na gan su.

"To me ya sa ba ki kira wanda ya turo miki kin tambaya ba?"

Na kawar da kai. Ta sake duba sunan da ke saman saƙon, ta kalle ni, ta ce, "Ayya. Surukinki ne."

Ita ma ta gane. Ta yaya zan ɗaga waya in kira Baba in ce, Baba, da gaske kai ne? Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, in ya shigo gida durƙusawa nake yi ina kallon ƙasa. Tun da aka kawo ni ƙasar nan bai taɓa turo mini saƙo kai tsaye ba, sai ta bakin ɗansa. Da na ga sunansa a wayata, da "Assalamu alaikum 'yata, ki cika wannan yau", daɗi na ji. Na ce ashe Baba ya san ina da karatu.

Imel ɗin ta ƙwato mini nan take. Wasap kuwa ɓarawon ya sa masa nasa kwaɗon, wai sai an jira kwanaki.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Baban Ƙulu ya je unguwar Sotega wurin Baba jiya, ya dawo jikinsa a sanyaye. Ashe Baba aka fara yi wa. Imel aka turo masa irin wannan, ya cika da kansa bai tambayi kowa ba, da ya gane sai ya zare layin ya karya shi ya jefa a kwata. An saya masa sabo. Tsohuwar lambar tana can hannun ɓarawo da hoton Baba da rawaninsa.

Na ce to ai shi ke nan, a sanar a masallaci gobe, a ce kada kowa ya amsa saƙon tsohuwar lambar Baba, kuma ta nan aka shiga tawa.

Ya ce, "Rauda, ki rufa mana asiri."

Baba ya fi shekara talatin a Gabon. Duk wanda takardarsa ta cije, wurinsa yake zuwa. Da wannan ake girmama shi, da wannan ake ba shi sahun gaba. Wai in aka ji shi aka yaudara da takardar bogi, girmansa ya zube. Wai ni yarinya ce, maganar za ta wuce.

Na ce, "Nawa girman fa?"

Ya ce in yi haƙuri. Haƙuri, haƙuri, kamar shi ake dafawa a gidan nan.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Na fita kasuwa. Na jera turaren wuta da humra da atamfofi kamar kullum. Mata suna zuwa, amma ba saye ya kawo su ba. Kowa da tambaya ɗaya: to ta yaya aka shiga wayar taki? Sai in ce wani abu na danna. Wane abu? Wa ya turo miki? Sai bakina ya yi nauyi, in ce ban tuna ba. Ina ganin yadda suke haɗa ido.

Ni ma da wata ce take wannan in-inar a gabana, ba zan yarda da ita ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da yamma

Firiza.

Watan jiya na sayi firiza ta hannu don in riƙa yin kunun aya da zoɓo. Watan jiya, kowa ya ga ranar da aka sauke ta. Yau ina bayan labulen rumfata ina salla, na ji muryar Kamila ta cikin langa-langar da ta raba mu, da wannan Hausar tata ta Damagaram, tana ce wa wata, "Ni dai ban ce komai ba. Amma ɓarawo ina ya san yadda muke rubuta sanarwar rashi? Kuma ga firiza ba a gama biya ba. Wasu har likkafanin 'ya'yansu sai su sayar."

Na kasa tuna raka'a ta nawa nake.

Kamila. Ni na raka ta asibiti ranar da za ta haifi Muhajir, mijinta yana kan hanya. Ni nake karanta mata takardun lakwal ɗinsa. Ita ce ta fi kowa kuka ranar Talata, kuma ina jin kukan ne take jin haushi, ta zubar da hawaye a banza, dole wani ya biya.

Na sallame, na fito, na ce mata sannu da aiki. Ta ce yawwa sannu. Na rubuta wannan don kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in manta.

Talata, 11 ga Nuwamba, da safe

Ban sayar da ko kwalba ɗaya ba jiya.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Wasap ya dawo. Na shiga na tarar an cire ni daga zauren mata. Hajiya Oumou ce shugaba, ita ta cire ni, wai har sai an gane gaskiya. Ɓarawon ya goge duk abin da ya rubuta, amma na ga inda ya tsaya yana karatu. Ya bi tsofaffin sanarwar rashi na zauren, ya kwafi salatinmu da addu'o'inmu harafi da harafi, ya canza suna kawai. Ya zauna ya karance mu kamar mai koyon girki.

Ina tunaninsa da yawa. Ina ba shi fuska. Wani lokaci saurayi ne siriri da belun kunne, wani lokaci ƙato ne mai tumbi a ƙarƙashin fanka. Ina roƙon Allah ya ba shi 'ya, ya sa ya so ta, sannan a turo masa saƙo. Na san bai kamata ba. Na roƙa duk da haka.

Baban Ƙulu ya raka ni kwamisariya, ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce za a kira mu. A can ma da aka tambayi wa ya turo linkin, shi ya riga ni amsawa, ya ce baƙuwar lamba ce.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Baba ya zo gidan. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ya ɗauki Ƙulu ya ɗora a cinya, ya ba ta dabino, ya daɗe yana shafa kanta. Na ɗauka zai yi magana. Na tsaya a bakin ƙofar kicin da tire a hannu ina jira. Ya sha ruwa ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi.

Ya sani, na sani, ɗansa ya sani. Mu uku muna riƙe da abu ɗaya, amma ni kaɗai yake ƙonawa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Na samu sabuwar sana'a tunda ba ciniki. Ina buɗe imel ɗina, in shiga wurin da tarkacen saƙonni suke taruwa, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe sun daɗe suna zuwa. Wannan wai banki ne, za a rufe asusuna yau, ni da ba ni da asusu a bankin. Wancan wai kayana sun maƙale a tashar jirgin ruwa, in biya kuɗin fito. Wata wai matar wani attajiri ce tana gadon mutuwa, ni ta zaɓa a duk duniya. Ba ɗayansu da ya kira ni da sunana, sai "ya abokin hulɗa". In na taɓa sunan mai aikowa sai adireshinsa na gaskiya ya fito, wani shirme mai tsawo. Yanzu kafin in gama karanta layin farko na gane su, kamar yadda nake gane turaren da aka sirka.

Na amsa wa guda ɗaya. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Faransanci, na haɗa da uwarsa. Da na gaya wa Magdalene sai ta yi dariya ta ce kada in ƙara, amsawa ita ke nuna musu akwai mutum a gidan. Ta ce in goge kawai. Gogewa ba ta huce haushi.

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Ƙulu ta dawo tana kuka. Yara sun ce mata fatalwa. Wata ta ce mamanta ta ce kada ta ci abincin gidanmu.

Na yi mata wanka, na yi mata kitso, ta yi barci a cinyata. Na san gidan da kalmar ta fito. Rama cuta ga macuci ibada ne, haka Inna take cewa in ranta ya ɓaci, ko da yake ita ba ta taɓa ramawa ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, wajen azahar

Ruwa tun safe, kasuwa ba kowa. Ina zaune ina ɗaure turare a leda sai na ga inuwa a bakin rumfa. Kamila ce, da waya a hannu. Rabon da ta tako nan tun kafin maganar firiza. Ba ta zauna ba, ba ta kalle ni sosai ba. Ta ce, "Maman Ƙulu, don Allah duba mini wannan. Na ga kamar maganar sejur ce, kuma nawa ya kusa ƙarewa. Baban Muhajir yana can iyakar Kamaru da motarsa ɗaukar albasa."

Tsoron takarda ya fi girman kai ƙarfi a ƙasar nan. Na karɓa.

Tutar tana nan. Juma'ar tana nan. Har kurakuran ba su gyara ba.

Na karanta mata shi da Hausa, tiryan-tiryan, abin da aka rubuta. Ta ce, "To gaskiya ne?" Na ce, "Ga sunan wanda ya turo miki nan a sama." Ta duba ta ce, "Ai Alhaji ne, surukinki. To shi ke nan, in dai shi ne." Ta karɓi wayarta. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wata magana, sai ta ce na gode, ta koma rumfarta.

Ban yi ƙarya ba. An ce in rufa asiri, na rufa.

Alhamis, bayan la'asar

Ta cikin langa-langa na ji ƙarar shigowar saƙo a wayarta. Na ji tana karanta lambobin a hankali, ɗaya ɗaya, kamar mai koyon ƙirga. Na ci gaba da ɗaurin turarena.

Ta ɗanɗana kawai. Su zo mata da kwanon abinci, ta tsaya tana in-ina. Iyakar abin da nake so ke nan.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Na yi barci mai daɗi, rabona da irinsa tun farkon wata.

Juma'a, bayan magariba

An yi. Da hantsi sanarwar ta fita daga lambar Kamila, da hoton Muhajir cikin kayan lakwal. Ni ba na zauren, maƙwabciyata ce ta shigo da gudu ta nuna mini. Wannan karon wasu sun yi wayo, Hajiya Oumou ta tura a duba lakwal kafin kowa ya tura komai, aka tarar da yaron a aji. Amma wasu sun riga sun tafi gidan.

Na je ni ma. Na sa hijabina mai kyau. Na tarar da ita zaune a ƙasa ta ƙanƙame yaron, ɗankwali ya zame, tana rantsuwa ba ita ba ce, ba wanda ya ce ita ce ma tukuna. Na tsaya a bakin ƙofa na kalle ta son raina. Ba zan ɓoye ba, sanyi na ji har cikin ƙashina.

Ita ba surukar Baba ba ce, ba abin da ya ɗaure mata baki. Da aka tambaye ta wa ya turo, ta ɗaga murya ta faɗi sunan Baba, cikakke, a gaban kowa. Hajiya Oumou ta juyo a hankali ta kalle ni ta ce, "Rauda, ke ma shi ne?" Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ban saɓa wa mijina ba.

Da zan fito na ji Kamila tana cewa a kira mata Hammadi, mijinta, kada ya gani. An kira, layinsa na Gabon ba ya shiga. In yana iyaka layin Kamaru yake sawa, sai ta wasap ake samunsa.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Ba a same shi ba har yanzu.

Asabar, bayan la'asar

Ya gani. Tun jiya da hantsi ya gani, kafin kowa ya tuna da shi. Ya kira lambar matarsa ta wasap, aka katse, aka rubuto masa, "Ba zan iya magana ba, ka taho kawai." Yaron motarsa ya ce ko lodin bai bari an gama ɗaurewa ba. Ya ce tun da yake bin sa bai taɓa ganin ya yi irin wannan gudun ba, kuma yana tuƙi yana kuka, ga ruwa. A gangaren da ke kusa da garin Ndjolé motar ta kwanta.

Yaron motar ya fita da ƙujewa. Hammadi yana da rai. Ana kawo shi.

Ni ban san zai gani ba. Ban yi tunaninsa ba sam. Wa zai yi tunanin mutumin da yake can iyaka?

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da yamma

Ɓarawon ne. Shi ya rubuta, shi ya katse kiran, shi ya ce ka taho kawai. Da Baba, da ya bari aka sanar tun farko. Da Baban Ƙulu da haƙurinsa. Da ita kanta, da ta riƙe bakinta, da yanzu muna zaune muna dariyar saƙon tare. Kowa da rabonsa a ciki.

Na dafa shinkafa na kasa ci.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da azahar

Ƙafar dama ce suka yanke.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

An mayar da ni zaure. Hajiya Oumou ta zo da kanta da mata biyar ko shida, suka zauna a kan tabarmin nan dai. Ta ce, "Rauda, mun ci amanarki, ki yafe mana. Kin zaɓi a zage ki da ki tona asirin surukinki. Irinki ake nema a gidan mutum." Wata ta ce ita tun farko zuciyarta ba ta yarda ba. Ita ce ta hana 'yarta cin abincinmu, na gane ta. Suka sayi turare, suka yi odar kunun aya na sunan da za a yi ranar Asabar. Aka yi ta jan kumatun Ƙulu.

An sanar a masallaci ma, ba a ambaci suna ba, an ce a yi hattara da wata tsohuwar lamba. Baba bai fito salla ba kwana biyu. Ya aiko mini da turmin atamfa ta hannun ɗansa, ba saƙo. Na sa a ƙasan akwati.

Hajiya ta ce ranar Lahadi in tsaya gaban mata in koya musu yadda ake gane irin saƙonnin nan, tunda ni na fi kowa sani yanzu. Na ce to.

Abin da nake so ke nan. Na samu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da hantsi

Rumfar Kamila a rufe. Ruwa ya shiga ta ƙasan ƙofar, ina ganin buhun gero yana jiƙewa. Na tura tsumma na toshe.

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je asibiti. Ba yadda zan ƙi zuwa, kowa ya je, kuma ni ce maƙwabciyar rumfa. Na yi farfesu na kai.

Hammadi yana barci, an lulluɓe shi da zane, zanen ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba. Ban sake kallon wurin ba. Kamila ta rame, leɓenta ya bushe. Ta karɓi kular ta ajiye, ta ce in zo mu fita baranda.

Ta ce, "Na ci namanki, Rauda. Maganar firiza ni na fara ta. Ki yafe mini."

Na ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon masu shanya a ƙasa. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kwanan nan ba na barci, sai tunani. Hajiya ta ce saƙon da aka turo miki shi ne aka turo mini. Iri ɗaya, har tutar."

Na ce haka ne.

"Ranar da na kawo miki wayata, kin gane shi?"

Na buɗe baki. Ina da amsoshi, na tanade su tun a tasi. Na karanta miki abin da ke ciki. An hana ni magana. Ke kika ce in dai shi ne shi ke nan. Ko ɗaya bai fito ba.

Ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To. Ba zan gaya wa kowa ba. Ko Baban Muhajir ba zan gaya masa ba, don in ya ji ban san me zai yi ba. Na taɓa ɓata miki suna sau ɗaya, ba zan sake ba. Ki riƙe abinki."

Ta shiga ciki, ta fito da kular farfesun ta miƙo mini, da zafinta.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

Na yi musu karatun. Gidan Hajiya Oumou ya cika. Na nuna musu yadda ake duba adireshi, na ce duk saƙon da ke kora ku ku tsaya, na ce lambobin da ke shigowa waya ba a ba kowa su. Na ce ko daga wa saƙo ya fito, ko mahaifinki ne, ko surukinki, ki kira ki ji muryarsa, kunya ba ta kai wannan ba. In kuma ba ki gane ba, ki kai wa wadda ta sani ta duba miki.

Sai wata daga baya ta ce, "Ai shi ke nan, mu dai duk abin da ya shigo, wurin Maman Ƙulu za mu kawo." Aka yi dariya, aka ce ƙwarai kuwa.

Kamila ta zo a makare daga asibiti, tana zaune a bakin ƙofa da Muhajir a jikinta. Ba ta yi dariya ba.

Gobe za ta buɗe rumfa, dole, yanzu ita ce mai nema. Langa-langa ɗaya ce tsakaninmu.